Dikko da Ranar Sakin Shanu

Dikkon Sassumbrum mutum ne mai gero a rumbu da shanu a garke, shi ya sa in manomi da makiyayi suka cacume, wurinsa ake zuwa. Ba ya yanke magana a zaune, sai ya taka har gonar ya ga ɓarnar da idonsa. Sunan nan ne ya ja masa, don kumandan na Magariya, wani Nasara mai jarabar rubutu, ya sa aka ɗauko shi ya riƙa faɗin al'ada a ɗakin shari'a.

Ran da ya fara zama, kumandan ya tambaya ta bakin tafinta, wace rana ake sakin shanu su shiga gonaki cin kara.

"Ranka ya daɗe, ba ta da rana," in ji Dikko. "In na ƙarshe ya kwashe wakensa, sai maigari ya sa a yi shela."

Kumandan ya ce shi rana yake so. Dikko ya sake bayani, aka ce rana dai. Tun hantsi ake abu ɗaya har azahar ta gota, bawan Allah bai yi salla ba. Haushi ya turnuƙe shi, ya ce to, bana dai jibi ne. Tafinta ya duba kwanan wata, kumandan ya rubuta cewa ita ce ranar kowace shekara, ya buga hatimi. Kun ji yadda Dikko ya kafa doka don kawai a bar shi ya yi alwala!

Shekara tara yana bin maganar nan, har Damagaram ya kai ta a kan doki. Kumandan uku suka zo suka tafi. Duk wanda ya roƙa ya soke, sai ya buɗe littafi ya ce ai al'ada ce, dattijon ƙasa ya faɗa.

"Ni ne dattijon!" Dikko yakan ce yana dukan ƙirji. "Ni na faɗa, kuma shirme na faɗa!" Sai a ce masa ya zauna.

Mutanen gari dai shelar maigari suke bi, har shekarar da damina ta makara. Wani baƙon makiyayi, Laminu, ya ji akwai rana a rubuce, ya kora shanunsa cikin waken Hamsatu, matar marigayi ƙanen Dikko. Wake ɗanye shar, shi ne abincinta da marayu huɗu, shanun suka cinye shi tas.

Hamsatu ta kai ƙara Magariya hankalinta kwance, ganin yayan mijinta na cikin masu zama. Dikko ya miƙe ya rantse cewa al'ada ba ta ce haka ba. Kumandan ya ce Laminu ba shi da laifi, ranar ta wuce da kwana biyu, ya sa tafinta ya karanta dokar da ƙarfi, har da sunan wanda ya faɗe ta.

Hamsatu ta juyo ta dube shi.

"Yaya, ashe kai ne?"

Da ƙyar Dikko ya ce, "Ni ne."