Ni Na Fito Daga Rumbu da Ƙafata

Duk wanda ka tambaya a ƙauyenmu zai ce maka Mai Taɓa Wuya ne ya zaro ni daga rumbu kamar ɓera, ya tafi da ni Azare ya juya mini kai, sannan bakinsa ya kama ƙanena Habu. Ƙarya ne tun daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya zaro ni, kuma na gaji da jin ana ba da labarina a karkace ina zaune.

A bazarar shekarar da na cika tara abin ya faru, wata Laraba da hantsi. Ƙauyenmu yana bakin kogi kusa da Katagum, a lokacin kurmi ya rufe mashayarmu har rana ba ta taɓa ruwan. Can muke ɗiban ruwa, can muke wanki, can ni da Habu muke tare ƙananan kifaye da tsohon zanen Inna, ƙudan tsando na cizonmu muna marin jikinmu muna dariya. A cikin gari kuwa mutane suna ta barci. Mutum zai fara da ciwon kai da ƙululu a bayan wuya, sai a gan shi yana gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu, daga nan sai a kai shi makwanci. Babu wanda ya haɗa wannan da ƙudan mashaya. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iskokin ruwa.

Ni da Habu duk muna da ƙululun. Iya, wadda ta haifi Baba, ita ke mulkin gidanmu, ta kira wanzami ya kafa mana ƙaho, jini ya fito baƙi, ta ce ciwo ya fita. Sai mai unguwa ya aiko cewa likitan Turawa zai zo, kowa ya fito gindin tsamiya a taɓa masa wuya. Labarin likitan ya riga shi isowa: wai yana zuƙe ruwan bayan mutum da allura, wai wanda ya kai bayan zana a Azare ba ya dawowa. Iya ba ta yi shawara da kowa ba. A gidanmu in baƙi masu ɗaukar yara suka doso, rumbu ake sa yaro. Haka aka yi mata zamanin mahara, haka ta yi wa Baba zamanin masu lambar rigakafin agana. "A rumbu na tsira, a rumbu ubanku ya tsira," in ji ta. Rumbun dawa a cike yake, na gero ne ya yi ƙasa, shi kuma ba ya ɗaukar biyu. Sai ta damƙa Habu a hannun Bafulatanar da ke kawo mana nono ta tafi da shi ruga. Iya ta ce wa Habu ya yi shiru, ya bi, shi dama duk inda aka ajiye shi nan ake samunsa. Ni kuwa Baba ya hau da ni tsani, ya ɗaga jinkar, ya zura ni ciki, ya mayar, ya janye tsanin.

Wanda bai taɓa zama cikin rumbu a bazara ba kada ya ce ya san zafi. Bangon yumɓu ya gasu kamar tanda. Ƙaiƙayi ya shiga wuyana da hammatana ya haɗu da gumi, wani abu yana tafiya a ƙafata ban san ko mene ne ba. Babu wurin miƙe ƙafa, babu wurin kwanciya, sai wani siririn haske ta ɓarakar jinka. Ina jin hayaniyar mutane a bayan danga, ina jin kukan jarirai, wuyana yana bugawa. Na yi fitsari a kan geron gidanmu. Na yi ƙoƙarin yin shiru, Allah ya sani, amma ni tun ina goye ba a san ni da haƙuri ba. Na tattara dammunan gero na taka, na sa kai na ture jinkar, na ƙwala ihu: "Ku fito da ni! Ni ba hatsi ba ce!" Babu wanda ya zo, sai na diro da kaina, gwiwata ta fashe, na ratsa danga na shiga layin masu jiran likita ina ɗingishi, fari fat da ƙaiƙayi.

Likitan dogon mutum ne mai ɗan doro da furfurar gashin baki. Ya sa yatsu a bayan wuyana, ya dubi shaidar ƙaho. Ni na yi magana. Na ce, "Ƙanena ma yana da shi, yana ruga." Marin da Iya ta yi mini a gaban jama'a har yau kunnena na hagu bai manta ba. Malam Bukar, Babarbaren da ke yi wa likitan tafinta, ya hau keke ya bi sawu, ya tarar Fulanin sun tashi neman ruwa. Baba dai ƙasa yake kallo.

Da aka kai ni Azare wani rumbun na tarar, sai dai ya fi faɗi. Rumfuna ne a kewaye da zana, ba shiga ba fita sai an gama allurai, allurar kuma ta sa ka amai, ta sa idonka ya yi dishi-dishi. Allurar bayan ma gaskiya ce, an yi mini, na zagi kowa har da kakan likitan. Na ƙi tabarmata, kullum ina bin zana ina neman ɓaraka. Da likitan ya gaji da kama ni, sai ya ba ni tsintsiya ya ce in riƙa share ɗakin aikinsa. Ya sa mini suna Rumbu.

A ɗakin nan na san ko shi wane ne, rabi daga gurguwar Hausarsa, rabi daga bakin Malam Bukar. Ba Ingilishi ba ne, su ma Ingilishin baƙo suke ɗaukarsa. Sunan ƙasarsu Sarbiya. Yana yaro yaƙi ya ci garinsu, uwarsa ta ɓoye shi a rumbun masara don kada sojoji su gan shi, da ya fito ya tarar zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa ya kashe ubansa. Abin da ya kai shi karatun likita ke nan. Ya yi shekaru yana bin ƙauyukan fadama a ƙasarsu yana binciken zazzaɓin sauro, yana rubuta abin da ya gano don sauran likitoci. Yaƙi na biyu ya zo, aka kama shi aka tsare a bayan shingen waya. Da aka sake shi mulki ya sauya a gida, irinsu in sun koma kurkuku ne, sai ya karɓi aikin da ya samu, aikin ya jefo shi ƙasar Katagum. Ɗakin cike yake da kwalaben ƙudan tsando. Wata rana ya ɗora ni kan akwati ya ce in leƙa madubin likita. Na ga wani abu siriri yana wutsil-wutsil a cikin ɗigon da aka ciro daga wuyan wata mata. Ba iska ba ne, ba sammu ba ne, abu ne mai rai, kuma ƙuda ke zuba shi. Na tambaye shi yaushe zai tafi gida. Ya daɗe yana juya gahawarsa a ɗan tukunyar ƙarfe, sannan ya ce, "Rumbu, ke kin fito. Ni har yanzu ina ciki."

Na koma gida an yi shuka. Habu ya dawo daga ruga, na same shi zaune a gindin turmi, rogo a hannu, ido a rufe. Na girgiza shi, ya yi mini murmushi ya koma. Wannan karon Baba bai dubi ƙasa ba, ya ɗora shi a jaki Iya tana tsine-tsine, muka nufi Azare. Likitan ya duba ruwan bayansa, ya cire tabarau ya zauna. Abin ya riga ya hau kai. Ya yi iyakar yinsa, Habu bai ga kaka ba. Nan aka ce baki ne, tunda an ambaci yaron a gaban Bature. Iya ta rasu tana faɗin haka.

Likitan ne ya matsa wa Baba aka sa ni makaranta a Azare, daga can na wuce ta kwana, wani shingen kuma, da ƙararrawa. Ina can aka yi masa canjin wurin aiki. Bara Malam Bukar ya gaya mini ya rasu a ƙasar nan, baƙi suka binne shi, bai ƙara ganin garinsu ba.

Yanzu na gama na dawo. An sare kurmin mashaya bisa umarninsa, rana tana dukan ruwan tun safe, ƙuda ya ragu, masu barci sun yi ƙaranci. Na san daidai ne. Duk da haka in na je ɗiban ruwa ina neman inuwar nan da idona, ina jin kamar zan ga Habu riƙe da ɗaya gefen zanen yana jira in ce masa ja.

Shekaranjiya mai unguwa ya aiko cewa masu taɓa wuya za su zo ranar kasuwa. Jiya na ga Gwaggo Talatu tana rage dammuna a rumbunta, 'yarta Ladi kuwa tana yawo da kallabi naɗe a wuya cikin wannan zafi. Na janye kallabin na taɓa. Ƙululun yana nan. Na ce, "Gwaggo, rumbun nan na hatsi ne." Ta ce boko ya cinye mini kunya. Wataƙila. Bayan salla zan tafi koyon aikin madubin likita, na riga na gaya wa Baba. Amma kafin nan, ranar kasuwa tun da sassafe zan je in zauna a kan matakin farko na tsanin Gwaggo, ba zan tashi ba sai hannun Ladi yana cikin nawa. Habu ya yi shiru don an ce ya yi shiru. Ladi ba za ta yi ba.