Muryar Maigidana Ba Ta Cikin Memori

Har yau ban huce da mai gyaran wayar nan na Kabo ba, kuma ba zan ɓoye ba. Tambaya ɗaya ya yi min a inda ya kamata ya yi uku. Na san idan ya karanta wannan zai ce ai ni ce na daka masa tsawa, kuma gaskiyarsa ne, na daka. Amma likita ba ya fasa duba mara lafiya don ya yi masa tsaki. To, na fitar da nasa laifin. Saura nawa, wanda ya ninka nasa.

A lokacin ina da shekara arba'in da shida, shekarata uku da shiga makarantar yaƙi da jahilci a Gwarzo. A Kabo aka haife ni, aure ya kawo ni nan, kuma ban taɓa riƙe biro ba sai da furfura ta fara leƙo min. Da na iya haɗa baƙi sai kaina ya kumbura, na zama ba a gaya min, ko takardar magani aka miƙo sai na ce a bari na karanta da kaina. Maigidana direban tirela ne, ya fi shekara ashirin yana kai hatsi Kudu. Da yake ban iya karatu ba a wancan zamanin, bai taɓa rubuto min saƙo ba, murya yake turowa. Don wannan kaɗai ya sayo min babbar waya wadda ta fi tasa tsada. Kowane saƙo da abu ɗaya yake farawa: “'Yar Kabo, kin ci abinci ko masifa kika ci?” Daga nan sai labari, ga ƙugin inji a bayansa, wani lokaci ruwan sama na dukan rufin mota. Ya ce min ya haye gadar Lokoja, ya ce abincin can bai kama ƙafar tuwona ba, ya ce in daina faɗa da mai kayan miya. Shekara shida saƙonnin nan suna taruwa, ban goge ko ɗaya ba.

A wata tasha can Kudu ya yanke jiki ya faɗi, wayarsa ta ɓace a cikin hayaniyar. Aka kawo min shi ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye. Mutumin da ba ya gajiya da surutu, abin da ya rage a bakinsa shi ne “to” da “Allah”. Tun daga nan kullum da safe, in ina dama koko a madafi, sai in sa abin ji a kunne in kunna saƙo ɗaya, a ɓoye, don kada ya ji tsohuwar muryarsa ransa ya sosu. Da ita nake samun ƙarfin juya shi da yi masa wanka. Mijina yana kwance a ɗaki, amma hirarsa tana cikin wayar.

'Yarmu ta fari, wadda ke karatun jinya a Zariya, ta zo hutu da kwamfutar da take karatu da ita. A ciki akwai wasan tuƙin tirela, har da madubi da giya da juya baya da lodi. Ta ɗora masa a cinya don ta ɗebe masa kewa. Wallahi na ga abin da ban gani ba tun da aka kawo shi. Da hannun hagu kaɗai ya dinga danna maɓallan, ya shigar da tirelar nan wani lungu da baya ba tare da ya gogi komai ba, ya ɗago ya kalle ni yana dariya ta gefen baki ɗaya. Mako uku yana kan hanya a cikin ɗaki, har abincinsa ya ƙaru. Da hutu ya ƙare ta tafi da kwamfutarta, ba yadda za ta yi. Sai ya koma kallon ƙofa. Na sa aka tura masa irin wasan na waya, ya gwada sau biyu ya ture, domin hannunsa na rawa a kan gilashi, kuma motar ciki kamar ta wasan yara ce, direba ya san bambanci. Kwamfuta kuwa ta fi ƙarfinmu, magani ya cinye abin da muka ajiye.

Ana nan sai na ci karo da wani bidiyo inda mutum ya cire wa waya tsarinta ya sa mata na kwamfuta, ya haɗa mata allon maɓallai, yana buga wasannin kwamfuta a kai. Na kalla ya fi sau goma, na kwafi sunayen abubuwan a littafin makarantata harafi bayan harafi. Na duba bayan wayata na ga irin tasa ce sak. Ban yi shawara da 'yata ba, don ina so in nuna mata uwarta ma ta waye. A Gwarzo masu gyara biyu suka ce ba sa taɓa irin wannan aiki, na ce musu ragwaye ne. Aka kwatanta min wani a Kabo da aka ce ba abin da ba ya yi wa waya, na bar maigida a hannun ƙanwarsa na hau mota.

Kafin in fita na yi abin da na ɗauka shi ne wayo. Mu nan duk abin da muke so a waya, wa'azi ne ko karatu ko hotunan biki, wurin masu caji muke kai memori a tura mana a ciki. Don haka a sanina komai na waya a memori yake zaune, ita wayar kwanon zubawa ce kawai. Na zare memorin na naɗe a takarda na ƙulle a bakin zanina, hankalina kwance.

Mai gyaran dattijo ne mai tabarau. Ya ce aikin zai yiwu, amma sai an buɗe makullin wayar, kuma buɗe shi yana share duk abin da ke ciki, ya tambaye ni ko na kwashe kayana. Na ce na kwashe. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce masa Malam, ni ba jahila ba ce, ya yi aikin da ya kawo ni. Ya ce to Hajiya, ya sunkuyar da kai. Har rubutun gargaɗi ya fito a fuskar wayar, ya juyo min da ita, na karanta abin da na iya, na sa yatsana na danna da kaina. Wannan yatsan nawa ne, ba nasa ba.

Bayan la'asar na dawo da waya mai fuskar kwamfuta da allon maɓallai na hannu. Maigida ya gane tun kafin in gama haɗawa, idonsa ya kawo ruwa. Ya tuƙa. Motar tana tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, amma ya tuƙa, ya kai kamar minti goma kafin ta ɗauke ɗif. Muka jira ta huce, ya sake, ta sake ɗaukewa. Kwana biyu muna haka, kuma ga shi ko kira ba ta karɓa. Na mayar da ita Kabo aka dawo mata da tsarinta na da. A gaban teburin mai gyaran na kwance bakin zani na sa memori. Wa'azi na nan, hotunan bikin ƙanwata na nan. Na shiga wurin saƙonni na tarar da shi fayau kamar an share tsakar gida. Sai a lokacin ya gaya min saƙon murya a cikin wayar yake zama, ba a memori ba. Ya ce da ina da imel ɗin wayar da lambar sirrinsa, da za a iya jawo su. Imel ɗin kuwa mai shagon da ya sayar da wayar a Kano ne ya buɗe, lambar sirrin kuma maigida kaɗai ya sani, tana cikin bakin da ba ya buɗuwa.

Da na dawo na zauna a bakin gadonsa na faɗa masa komai, har da sauraron da nake yi a madafi wanda bai sani ba. Ya kalle ni. Sai ya tattaro ƙarfinsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na rawa, na san sunan nan yake so ya kira. Abin da ya fito shi ne “to”. Na tashi na fita don kada ya ga fuskata.

'Yan'uwana mata, musamman irina da muka yi karatu da girma, iya haɗa baƙi daban, sanin abu daban. Wanda ya san aiki in ya buɗe baki, ku bar shi ya rufe da kansa. Waya kuma in kuna da muryar wani a ciki, uwa ce ko miji ko ɗa, ku tura wa mutum biyu ko uku tun mai muryar yana iya sake faɗa. Ni yanzu ina da saƙonninsa goma sha ɗaya da na roƙo a hannun mutane. A ciki yana cinikin taya, yana yi wa wani ta'aziyya, yana faɗa a kan lodi. Ina jin su kullum ina dama koko. Babu ko ɗaya da ya ce 'Yar Kabo, don ba ni aka yi wa su ba.

Yadda na same su kuwa, washegarin ranar da na faɗa masa ne. Na yi masa wanka na ba shi koko, na ɗauki littafin makarantata, na yage shafin da na kwafi sunayen abubuwan bidiyon nan. Na sa mayafi na nufi tashar manyan motoci, inda ban taɓa taka ƙafa ba. Direbobi na zaune a kan benci suna shan shayi, suka juyo suna kallona. Na gaishe su, na ce ni ce matar wane, duk wanda mijina ya taɓa tura wa murya, ko zagi ne, ya faɗi sunansa in rubuta.