Makarar da Saje Settimio Ya Ɗauka

A shekarar 1926 na fara ganin Saje Settimio Bracaloni, kwance a bakin majami'ar garinmu a Toskana, kakinsa na ɗan sanda sharkaf da jini. Lokacin ban daɗe da gama makarantar koyon limancin coci ba. 'Yan jam'iyyar fasist mai mulki ne suka tare shi, wai ya ɗaga hannu ya yi gaisuwar jam'iyya. Ya ce da hannun nan yake alamar gicciye, ba ya ba da shi aro. Suka lallasa shi, jama'a suka watse. Ferruccio baduku, wanda ko Allah bai yarda da shi ba, shi ya goya shi har gida, yana zagin limamai a hanya.

Ba su zama abokai ba. In sun haɗu Ferruccio kan ce, "Saje, yau ka kama Shaiɗan?" Shi kuma ya ce ai yana rumfar dukanci yana ɗinki.

A 1944, ana cikin yaƙi, Jamusawan da suka mamaye mu suka gano Ferruccio ke yi wa mayaƙan sunƙuru na kan duwatsu takalma. Aka umarci Settimio ya kamo shi a harbe. Ya ce to.

A garinmu 'yan ƙungiyar Jinƙai ke ɗaukar gawa, cikin alkyabba da hula mai rufe fuska sai idanu. Tun kakanni ba a tambayar wa ke ciki, ba a kuma gode masa. Ni da Settimio 'yan ƙungiyar ne. Da hantsi muka rufe fuska muka saɓa makara, Ferruccio kwance a ciki kamar gawa, Settimio a gaba, ni a baya. A shingen ƙofar gari wani ɗan fasist, Egisto, haifaffen garin, ya miƙa hannu zai yaye hular Settimio.

Settimio ya sauya murya ya ce, "Yaye, Egisto. Masu hular nan suka kai uwarka kabari bara. Ran da taka ta zo, sai ka taka da ƙafarka."

Egisto ya janye hannu, ya ce wa Jamusawa annoba ce ta kashe mutumin. Suka ja baya. A bayan maƙabarta gawa ta miƙe ta hau dutse.

Bayan yaƙi Ferruccio ya yi ta cigiyar wanda ya ɗauke shi, yana ƙorafin na gaba ya jijjiga shi. Settimio bai taɓa tankawa ba. Ni kaɗai ya ce wa, ran nan da muke cire alkyabba, yana murza kafaɗa, "Kafirin nan ya fi ni nauyi. Nasa goyon ya fi sauƙi."