Ta Kalli Ɗanta, Kyamarata Ba Ta Gani Ba

Lokacin da abin nan ya faru ina goyon fari, a wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Ni mace ce mai yawan fargaba, ko tari yarona ya yi sai abinci ya fita raina. Maigidana yana noman rani, albasa da tumatir, kuma shi ne mai hoton yankinmu. Da yake namiji ba ya shiga wurin mata, sai ya koya mini riƙe kyamara. Ranar suna shi yana waje da maza, in an shafa fatiha ya miƙo mini ita ta zaure, ni in shiga ɗakin mai jego.

Kyamarar tsohuwa ce, a hannu ya saye ta. Ya daɗe yana cewa in an sayar da albasa zai canza uwar kyamarar, gilasan gaba kuwa suna nan, su zai ɗaura wa sabuwar. Ya ce sabuwar babba ce, tana gani a ɗaki mai duhu ba sai an kunna filasha ba, tana kama fuska nan take ko mutum na motsi, kuma ƙaiƙayin shinkafa ba ya shiga cikinta. Ni kuwa na ƙi. Na ce injin ban ruwanmu tari yake kamar tsoho, yaro ga ciwon ƙirji, shi kuma ya ga ta masu hoton birni ne ya ƙyasa. Ya yi dariya, ya ce to hajiyar lissafi, ai ni ke shiga ɗakunan, in faɗa masa gaskiya yadda take yi. Na ce lafiyarta ƙalau.

Ba gaskiya na faɗa ba. Na fi shi sanin halinta. A cikin ɗaki sai ta yi ta kai da kawowa tana neman fuska, in ta ɗauka hoton ya fito kamar an watsa masa tsaki. Filasha kuma tsofaffi ba sa yarda a haska wa jariri, sun ce tana lalata ido. Dabarata ita ce in fito da mata tsakar gida inda rana take, waɗanda suka lalace kuwa in goge su a hanya kafin in miƙa masa, don kada ya sami hujja.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono daga rugarsu ta bayan gonakin shinkafa. Sa'ata ce, mun shaƙu, ita ke tsokanata wai mu Hausawa mun iya tsoro. Da ta haifi ɗanta na fari, namiji, ta aiko lallai ni zan ɗauki hoton suna. Wanda ya san Fulani ya san kunyar ɗan fari. A gaban mutane ba ta ɗaukarsa, ba ta kallonsa, ko an ce ga shi sai ta kau da kai ta ja mayafi. Na ɗauki yaron a hannun kakarsa, a hannun goggonninsa, har a hannun 'yan kallo. Ita kuwa duk hoton da ta shiga, gefen mayafi ne da kunne ɗaya.

Can da aka fita rabon nama, ɗakin ya rage daga ni sai ita sai jaririn. Bukka ce, hasken ƙofa kawai ke shiga. Ta leƙa waje, ta ɗauke shi, ta kai fuskarsa kusa da tata, ta yi masa wani murmushi da ban taɓa ganin irinsa a fuskarta ba. Ta raɗa mini in yi sauri kafin inna ta dawo. Na ɗaga kyamara na danna. Kyamarar ta shiga kai da kawowarta. Na sake dannawa. Kafin ta kama, muka ji tafiyar tsohuwar, mai jegon ta ajiye shi ta juya baya. Da na duba, inuwa biyu ce kawai a cikin duhu. Ta tambaye ni da ido ko ya fita, na gyaɗa mata kai. Na ce a raina ranar arba'in zan dawo in sake.

Ba ta kai arba'in ba. Zazzaɓi ya kama ta, aka kai ta asibiti, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki mahaifiyarta ta zo gidanmu da jaririn a baya. Ta ce ba ta son komai sai hoto ɗaya na 'yarta riƙe da ɗanta, don in ya girma ya san uwarsa ta taɓa ɗaukarsa. Na buɗe mata duka muna dubawa. Da muka iso kan inuwar nan, wadda Allah ya sa ban goge ba, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni mene ne wannan. Na faɗa mata abin da idona ya gani. Ta ce in wanke mata shi haka nan.

Ranar na gaya wa maigidana komai, har goge-gogen da nake yi. Bai yi mini faɗa ba. Da albasa ta yi kuɗi muka sayi babbar, kuma duk abin da ya ce tana yi, tana yi. Na san ba kyamara ke riƙe rai ba, kwananta ne ya ƙare. Amma abin da aka ba ni amana in riƙe mata, tsorona ya sa na sake shi.

'Yan'uwana mata, in mai sana'a ya ce kayan aikinsa sun gaji, ku saurara, musamman in aikin na ranar da ba ta dawowa ne. Kuma kada fargabar gobe ta sa ku ɓoye abin da idonku ya gani. Ni ma ina kunyar ɗan farina, amma hoton farko da aka ɗauka da sabuwar, ni ce riƙe da shi a cikin ɗaki, ina kallonsa. Yaron rugar kuwa yanzu yana gudu bayan maruƙa. Ina roƙon Allah ya ba ni kwana har ya yi wayo, in nuna masa inuwar nan, in ce masa ni ina wurin, murmushi take yi masa.