Igwar da Ba Ta Haye Kogi Ba

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne ya ƙwace mini littafina na farko, kuma duk da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa ban ga dalilin ɓoye cewa jinina bai haɗu da nasa ba. Allah ya jiƙansa, wannan haƙƙinsa ne a kaina. Amma addu'a dabam, so dabam.

Tsohon soja ne, sai dai ba irin wanda ake ba yara labarinsa ba. A sito ya yi rayuwarsa, da bayan manyan motoci, yana lodin akwatunan harsashi da buhunan shinkafa. Da ya yi ritaya da igiya uku sai ya sauka a ɗakin jikin zauren gidanmu a Shadawanka, ba nisa da bariki, da akwatin ƙarfe guda da ɗingishinsa na ƙafar hagu. Ya ce wa Inna wata biyu zai yi. Shekara shida ya yi. Babu abin da ba ya sa wa ido: yadda aka jera itace, inda aka ajiye randa, wanda ya bar buta babu ruwa. In ya ci tuwo ba ya cewa ya yi daɗi, sai ya tambayi masarar da ta rage za ta kai kwana nawa.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata sakandare ta 'yan mata, ina zaune da Inna tun bayan rasuwar babanmu. Shekara uku na yi ina rubuta labari a littattafan rubutu irin na ɗalibaina. Labarin wata duniya ce mai rana biyu, inda kumbo ya faɗi da mutane tun zamanin kakannin kakanni, jikokinsu suka manta duk ilimin da ya kawo su, suka koma noma da kibiya. Can sai aka sami wata sarauniya ta tara maƙera suka narka ragowar ƙarfen kumbon, suka zuba igwa ta farko a duniyar, mai cin dutse guda a baki. Har wajen Gubi na je na sami wani tsohon maharbi ya nuna mini yadda ake haɗa albarushi da gawayi da farar wuta, don kada in rubuta shirme. Niyyar sarauniyar ita ce ta ja igwar zuwa wani birni mai ganuwa da ke hayin babban kogi. Ta riga ta tura rundunarta sun haye a kwale-kwale sun kewaye birnin, igwa kawai suke jira. Ina ji da wannan littafi fiye da yadda nake ji da kaina, har na sha cika baki a taron marubuta da muke yi ran Lahadi cewa kafin kaka zan kammala.

Wata ranar Laraba na manta littafi na huɗu a kan tabarma, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, na tafi makaranta. Da na dawo na tarar da shi a inda na bar shi, amma an bi gefen shafukan da jan biro. A wurin da na rubuta cewa sun ɗauki igwa sun yi tafiyar kwana arba'in har bakin kogi, an ja layi an rubuta: Da me? A ƙasa kuma: Me suka ci? Shafi na gaba: Ruwan sha fa? Rubutu ne a karkace, irin na wanda ya koyi boko da girmansa.

Na same shi a zaure yana ɓare goro.

"Kawu, wa ya ba ka izinin taɓa mini littafi?"

"A fili na gan shi, Malama." Haka yake kirana in yana son ya ci mini fuska. "Igwar nan taki, nauyinta nawa?"

"Labari ne, Kawu. Duniyar ma babu ita."

"Ko babu ita, mutanenta sai sun ci tuwo. Kin ce shanu masu ƙafa shida ke ja. To shanu nawa? Ciyawarsu wa ya ɗauko, tunda kin ce filin babu tsiro? Masu ɗaukar ciyawar su kuma wa ya ɗauko musu abinci? Rana biyu kika sa musu, babu dare, yaushe suke tafiya ba su gasu ba?"

Na ce masa wanda bai taɓa harba igwa ba bai kamata ya koya wa mutane labarinta ba. Ko a jikinsa. Ya nuna turmin Inna da haɓa, wanda ke bakin madafi, ya ce in kawo masa shi nan zaure, in na iya shi zai yi shiru har abada. Damina ce, an kwana biyu ana ruwa, tsakar gidanmu duk taɓo. Zuciya ta ɗebe ni na ɗaure zane na kwantar da turmin na fara mirginawa. Ban kai darbejiya ba ya nutse a taɓo, na tura ya ƙi, na ja takalmina ya tsinke. Inna ta leƙo tana salati tana tambayar abin da turminta ya yi mini.

"Turmi ke nan," in ji shi, "taku goma." Ya ci gaba da tauna goronsa.

Ranar ban ci abinci ba don haushi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na buɗe littafin na kasa karanta wannan babin kamar da. Duk inda idona ya sauka sai in ji muryarsa. Na yayyage shafuka ashirin na sake rubutawa, ba don na yarda da shi ba, sai don in toshe masa baki. Na ƙirƙiro rijiyoyi a hanya, na sa ayarin ciyawa ya riga igwa tafiya, na sa aka rufe albarushi a tuluna da danƙo saboda ruwan sama, na ba su wasu sa'o'i da ƙaramar rana ke shiga bayan babba. Sai da na yi wata biyu kafin na kai igwar bakin kogi. Na ajiye littafin a kan tabarma da gangan.

Da na dawo tambaya ɗaya ce da jan biro: Yaya za ta haye?

Daga nan yaƙi ya koma tsakanina da shi. Ba ma gaisawa sai a gaban Inna, amma kullum littafi na kan tabarma. Na gina gada, ya rubuta cewa a babi na biyu na ce babu itace mai kauri a ƙasar. Na haɗa kwale-kwale goma na ɗora ta a kai, ya rubuta cewa nauyin zai taru a tsakiya, na tsakiyar su nutse su ja sauran. Na ce su jira rani, ya tuna mini ni da bakina na ce kogin ba ya ƙafewa, kuma rundunar da ke hayi abincin kwana nawa gare su. Na ce a rarraba ta, ya rubuta: Zubi ɗaya ce. Na ce a zuba sabuwa a hayin kogi, ya rubuta: Ƙarfen kumbo ya ƙare, shafi na sittin. Ya fi ni sanin littafina, kuma ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a watannin nan ba. Kaka ta zo ta wuce, na daina zuwa taron Lahadi don kunyar tambaya. Igwa na bakin kogi, ni ma ina nan tare da ita.

Sai na yanke shawarar in kashe shi. Na shigo da wani mai kula da siton sarauniya cikin labarin, na ba shi ɗingishin ƙafar hagu, da cin goro, da tambayar da ba ta ƙarewa. Na sa duk dabarar da aka kawo shi ke rushe ta, har aka gane tsoro ne ke damunsa, bai son a haye a kai shi inda kibiya ke zuba. Sarauniya ta sa aka ɗaure shi a bakin igwar aka sa wuta. Na ji daɗin rubuta wannan shafi, ba zan yi ƙarya ba. Kuma ban bar shi a tabarma ba. Na jira bayan la'asar, Inna na tsince shinkafa, shi yana zaune a kujerarsa ta katako, na ce bari in karanta musu sabon babi. Na karanta da ƙarfi, ina jan wurin ɗingishin don kada wani ya yi shakka.

Da na gama hannun Inna ya tsaya cak a cikin faifai. Shi kuwa ya ɗago kai.

"An ɗaure shi," ya ce. "To igwar ta haye?"

Shi ya ba kansa amsa.

"Ba ta haye ba. Kin ɓata albarushi ke nan." Ya cire goron daga bakinsa ya riƙe a hannu. "Tamu ma ba ta haye ba. Mu namu harsasan igwa ne. Wata ƙasa aka kai mu, igwoginmu suna hayi, ni nake da motocin da za su kai musu. Muka iso ruwa ya cinye gada. Babu abin da kika rubuta da ban gwada ba, har kwale-kwalen. Mutum biyu suka tafi a ruwan, ni na sa su shiga. Daga inda muke muna jin igwoginmu. Ranar farko ba sa tsayawa. Ta biyu sai a harba a jira. Ta uku in an harba ɗaya sai ka yi alwala ka yi salla kafin ka ji wata. Ta huɗu muna zaune a kan akwatuna cike, muna saurare." Ya mayar da goron aljihu. "Masu harba igwogin nan na san su duka, ni nake ba su abinci. Ni ba wanda ya ɗaure ni, 'yar nan. Da an ɗaure ni da na huta."

Ya tashi ya shige ɗakinsa. Inna ta dube ni, ta ce, "Kin kyauta," ta ɗauki faifanta. Ashe ta sani, duk dangi sun sani, ni ce kawai ba a gaya wa ba. Kwana uku ba ta yi mini magana ba.

Kafin mako ya zagayo ya ɗaure akwatin ƙarfensa a bayan keke ya koma wani ɗaki a bayan shagon abokinsa, wani dattijo ɗan kudu mai sayar da kayan mota kusa da ƙofar bariki. Inna ta yi ta aika masa abinci har ya bar duniya, amma bai sake taka gidanmu ba. Ban je na ba shi haƙuri ba. Na sha shiryawa, in na tuna jan biron nan sai zuciyata ta taso. Wa ya aike shi? Da ya bar mini littafina da igwata ta haye a layi ɗaya, ta fasa ganuwa, an yi buki, kowa ya kama gabansa.

Amma bayan tafiyarsa na zauna in hayar da ita, babu mai hana ni, na kasa. Na cire shafin ɗaurewar. Na bar mai siton a raye, na zaunar da shi a kan tulunan albarushi kusa da igwar da ba ta taɓa harba komai ba, yana sauraron gangunan rundunar da ke hayi. Ranar farko ba sa tsayawa, ta biyu sai a buga a jira, ta uku yana ta saurare bai ji ko ɗaya ba. A nan littafin ya ƙare. Abu ɗaya na canza: na mayar da kwanakin uku, don kada a ce na kwashe labarin wani.

Da aka buga littafin, duk wanda ya tare ni babin ƙarshe yake yaba mini. Ba mai zancen kumbo, ba mai zancen rana biyu, abin da na kashe shekara uku a kansa. Wani malami har cewa ya yi bai san mace za ta san yaƙi haka ba. Nakan yi murmushi in ce na gode, raina yana tafasa.

Inna ce ta matsa sai na aika masa kwafi ɗaya. Bayan mako biyu ya dawo a cikin kwandon kwanukan abinci. Na bi shi shafi-shafi ina neman ja, ina shirin faɗa, babu ko ɗigo. Sai a shafin ƙarshe, a gefe, da wannan karkataccen rubutu: Kwana huɗu ne.

An sake buga littafin bayan rasuwarsa, mai bugawa ya tambaye ni ko akwai gyara. Na ɗauko kwafin na daɗe ina kallon jan rubutun, sannan na ce masa babu. Wannan kwana ɗayan da na rage shi kaɗai ne nawa a babin.