Inna Hilkka, Telar Bindiga

A ƙauyenmu, in ka ga ƙaton namiji ya fito daga gidan Inna Hilkka da janbaki a kumatu, ba mai yi masa mummunan zato. Ko matarsa ba ta tambaya. Kowa ya san bindigarsa ya kai gyara.

Inna Hilkka tela ce. Shekara arba'in ta yi tana taka keke a ɗakinta mai kallon tafki, kuma duk angon da aka ɗaura wa aure a cocinmu, har da ni, ita ta ɗinka masa kwat. Ba ta taɓa harba bindiga ba, ƙararta ma ba ta so. Abin ya samo asali ne daga mijinta, marigayi Reino, mutum mai gajeren wuya, wanda duk kaka yake zuwa farautar hirbi, ƙatuwar dabbar nan mai ƙaho da ta fi doki tsayi, ya dawo da kumatu a kumbure saboda dukan da gindin bindiga ke yi masa. Wata safiya yana wurin aiki a injin katako, ta kwance ƙotar bindigar daga jikin ƙarfen, ta sa magagari ta rage ta yadda take rage wuyan riga. Reino ya yi kwana uku yana fushi da ita. A na huɗu ya shiga daji, ya dawo da nama, kumatunsa lafiya lau. Bai ba ta haƙuri ba, mazan nan namu ba su iya ba. Sai dai ya ɗauko bindigar ƙaninsa ya ajiye mata a kan tebur.

Tun daga nan abin ya zame mata jaraba. Ba ta karɓar ko sisi, sai dai ka cika mata rumbun itace ko ka kawo mata kifi. Na sha zama ina kallonta baki buɗe. Tsohon fenti kuwa, da fasasshen gilas take kankare shi, ya riƙa zubowa siri-siri. In itacen ya loɓa a wani wuri, sai ta shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ta ɗora dutsen guga, tururi ya tashi, ka ga loɓar shekara talatin ta taso ta koma daidai, kai ka ce ba a taɓa buge wurin ba. Awo kuwa, ba ta sa tef. Janbaki take shafa maka a kumatu da babban yatsa, ta ce ka rufe ido ka ɗaga bindiga. Duk inda ja ya fito a jikin itace, nan za ta ci da magagari. Ido ba mudu ba, amma ya san kima.

Yayana Tauno ne kaɗai bai taɓa kai mata tasa ba. Bindigar mahaifinmu ce, Jalmari, kuma a wuyan ƙotar, inda hannu ke riƙewa, akwai wani ɗan gurbi mai duhu, sumul, wanda babban yatsan Baba ya ci a cikin shekara hamsin. Tauno ya gaje ta, yatsansa ya zauna a gurbin daram. Ko mai ba ya barin wani ya shafa mata.

Cikin hunturun da ya cika shekara sittin da shida, ya tashi da safe ya tarar idonsa na dama ya mutu. Likita ya ce jini ne ya toshe wata jijiya, kuma ba dawowa. A shekarar ne kuma takardarsa ta gwajin harbi ta ƙare. Ba mai harbin hirbi sai ya sabunta ta duk shekara uku: harsashi huɗu, a jikin hoton dabbar, duka huɗun su faɗa cikin da'ira. Wanda ya kasa, yana iya bin ƙungiya daji, amma aikinsa hura wuta da dafa kofi. Tauno ya yi shekara arba'in da ɗaya a ƙungiyar farautar ƙauyenmu, kuma shi ya koya wa rabinsu riƙe bindiga.

Ya gwada komawa kafaɗar hagu don ya yi saiti da idon da ya rage. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A gwajin watan Yuni harsashi ɗaya ne ya shiga da'ira, ɗaya ma ba a ga inda ya bi ba. Erkki, shugaban ƙungiya, ya dafa shi ya ce, "Haba Tauno, ai kofinka ma ya fi na kowa daɗi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma da ya mare shi da ya fi sauƙi. A mota, kan hanyarmu ta gida, na ji tausayin Tauno har na rasa inda zan sa idona.

Da ƙyar na ja shi gidan Inna Hilkka. Lokacin tana da shekara saba'in da tara, yatsunta duk sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai. Ta zuba mana kofi, ta sa shi ya ɗaga bindigar a kafaɗar dama yadda ya saba, ta zagaya shi sau biyu.

"Kafaɗarka lafiyarta ƙalau, idonka na hagu lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Tsakaninsu ne ba hanya. Sai a karkata wuyan ƙotar. Gindin ya zauna a dama, ƙarfen ya ƙetaro gaban idon hagu."

"A karkata yaya, Inna?" Tauno ya tambaya.

"A yanke wuyan a yi sabo."

Ya janye bindigar ya rungume. "Nan ne hannun Baba yake."

"Na sani. Ni na ɗinka kwat ɗin da aka binne shi da ita, kar ka koya mini Jalmari." Ta kurɓi kofinta. "Faɗa mini, ɗan nan, itace ya bar maka ko farauta?"

Tauno ya tashi ya fita ko sallama babu. Ta dube ni ta ce, "Osmo, ƙarasa burodin nan, zai dawo. Taurin kan gidanku kwana uku yake yi, irin na Reino." Kwana biyar ya yi. Rana ta shida ya kwance ƙotar da hannunsa, ya kai mata, ya juya baya kafin ta ɗauko zarto.

Abin da na gani a rumfar bayan gidanta cikin watanni biyu da suka biyo baya, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta fito da wani guntun icen koibu, farar bishiyar nan ta dajinmu, mai zane kamar ruwa, wanda ta ce ya shekara ashirin yana bushewa a saman rufin sauna, ɗakin wankan tururi. Ta sa ni na tsaga mata shi falle-falle, ta liƙa su da gam, kowane falle zarensa ya saɓa wa na ƙarƙashinsa, don kada wuyan ya karye in bindiga ta yi tokari. Sannan ta fara ci. Hannun da ba ya iya ɓalle maɓallin riga, da ya kama magagari sai rawarsa ta tsaya cak. Takan rufe ido ta shafa itacen, ta ce, "Nan akwai sauran magana," ta ɗauke abin da bai kai kaurin takarda ba.

Duk Talata Tauno yakan zo da ƙarfen, a ɗaura, a shafa masa janbaki.

"Rufe ido. Ɗaga. Buɗe. Me ka gani?"

"Rabin taga, Inna."

"Sauke. Kai kake bin bindiga, ita ya kamata ta biyo ka. Kar ka sake miƙa mini wuya kamar zakara."

Sau tara aka yi haka. A na tara ya buɗe ido ya ce, "Ga ƙusar da kika kafa a bango." Ta ƙara shafa masa ja a babban yatsa, ta duba inda ya sauka a sabon wuyan, ta yi alama da fensir, ta kore mu. Ta ce saura mai, kuma mai ba ya son 'yan kallo. Man irin kittani ne take ɗiga wa tafin hannu, ta murza har itacen ya ɗauki ɗumi, ta bar shi ya sha, gobe ta ƙara. Na ce mata gwajin ƙarshe Asabar ɗin ƙarshen Satumba ne, in aka wuce shi sai baɗi. Ta ce, "To ka je ka faɗa wa itacen."

Ba ta ba mu ita ba sai da safiyar Asabar ɗin, naɗe a tsohon labule. A filin gwaji na ɗaura ƙarfen, na harba uku na gyara saiti gwargwadon iyawata, don Tauno ya ce ba zai taɓa ta ba sai an kira sunansa. Maza suka kewaye ni.

"Osmo, wannan bindiga ce ko lauje?"

"A'a, ta harbin abin da ya ɓuya a bayan bishiya ce!"

Aka fashe da dariya. Amma da rana ta faɗo a kan itacen, dariyar ta ragu da kanta. Zanen koibu ya taso daga can ciki yana motsi in ka juya ta, kuma duk iya dubanka ba ka gane inda tsohon ice ya ƙare sabo ya fara. Erkki ya shafa ta da bayan yatsa ya ce, "Kai, tsohuwar nan!" Ni kuwa na riga na ga wani abu a wuyan, na kama bakina.

Aka kira Tauno. Ya zauna, ya karɓa, ya ɗaga. Sai na ga bayansa ya sandare. Babban yatsansa ya faɗa cikin gurbi mai duhu, sumul. Ashe Inna Hilkka ba ta yar da tsohon wuyan ba. Ta yanko gurbin yatsan Baba, ɗan abu kamar ƙwayar wake babba, ta dasa shi a sabon icen, daidai inda janbaki ya nuna mata. Tauno ya sauke bindigar a cinya yana kallon wurin. Mai kula da gwaji ya ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Lafiya. Ba ni minti ɗaya." Ya goge idon nan guda da hannun riga, ya sake ɗagawa.

Harbi huɗu, a natse, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidansu. Da aka je dubawa, tafin hannu ɗaya ya rufe hujin duka huɗun. Erkki ya cire hula yana ihu wai a nemo wani mai dafa kofin. Tauno ko allon bai je gani ba.

Da muka koma, muka tarar da Inna Hilkka tana feraye dankali a bakin ƙofa. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce ya sunkuyo, ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske, ta duba kumatun sosai. Babu kumburi, babu ja.

"To, ta yi," in ji ta, ta koma kan dankalinta.

Tauno ya tsaya yana murza hula. Ƙaton mutum, mai jikoki biyar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, hannun Baba..."

"Yatsa biyu kawai na matsar da shi hagu," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Da yana raye, ai da kansa zai matsa maka."