Suren da Aka Dasa Kamar Albasa

A Aliero, in ba albasa kake nomawa ba to wasa kake yi, ko da gumi na zubo maka har dunduniya. Haka mazan garinmu suka taso suka tarar. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kiran abin da Inna ke yi a bayan ɗakinta noma. Sure ne kawai, wanda mutanen gabas ke ce wa yakuwa, kayan miyar mata.

Garkar ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba, tsakanin ɗakin Inna da rijiya, an kewaye ta da dangar kara saboda awaki. Amma suren da ke ciki ba irin na kasuwa ba ne. Daga Giwa Tazo Inna ta zo da shi, mahaifiyarta ce ta ƙulle mata gurguzunsa a bakin zane ranar da aka kawo ta gidan babanmu. Karansa ja ne wur har yana neman komawa baƙi. Da safe yakan buɗe fure fari mai ɗan ruwan ɗorawa, da jan ido a tsakiya, kafin la'asar ya yanƙwane ya faɗi. Bayan furen ne soɓon, wato zoɓo, ke kumburowa, mai kauri, mai nama, wanda cikin tafi ɗaya ke rina tukunya guda. Ganyen mu yi miya da kwaɗo, soɓon mu sha da azumi, gurguzun da ya yi saura Inna ta yi daddawar batso da shi.

Duk shekara takan zaɓi gindi biyar mafi ƙarfi ta ɗaura musu ƙyalle. Waɗannan na iri ne. Ba a tsinkar ganyensu, ba a taɓa soɓonsu sai kwanson ciki ya bushe ya fara tsagewa da kansa. Ni da na tsinki ganye biyu a jikin mai ƙyalle ina yarinya, na sha rankwashin da har yau ina tuna wurin.

A shekara ta biyu da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, ruwan farko ya yaudari kowa. Inna ta yi shuka, aka ɗauke ruwa sati uku, tsiron ya ƙone. Da ruwa ya dawo ta zazzage abin da ya rage a gora ta sake shukawa, har ƙwayar ƙarshe. Ke nan a wannan daminar duk irin da ta mallaka yana tsaye a garka, ba ko ƙwara ɗaya a ɗaki.

Ni kuwa ina Jega, inda aka dawo da maigidana aiki bayan an raba ma'aikata. Da damina ta ja baya na haifi ɗana na uku, haihuwar da ta kusa tafiya da ni. Uwar mijina ta rasu tuntuni, ba wata tsohuwa a kusa, sai Inna ta ƙulle kayanta ta zo yi mini wankan jego. Kwana arba'in ne, safe da yamma, ba fashi. Ita ke hura wuta, ita ke tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ita ke fyaɗa mini shi ina ihu tana cewa in rufe mata baki, ba a kaina aka fara ba. Kafin ta baro gida ta ɗaura ƙyallayenta, ta bar wa Yaya amanar garkar. Yaya shi ne babban wanmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar babanmu, kuma duk unguwar an san hannunsa a dashen albasa.

Ranar suna, da mutane suka ragu, Yaya ya aiko a kira ni zaure. Na fito ina dafa bango.

Ya ce, "Ƙanwata, magana ta kawo ni, ba suna ɗai ba. Fadama har yau ruwa na kwance. In ban yafa irin albasa cikin satin ga ba, bana ta wuce ni. Ba ni da wurin raino sai garkar Inna, ga rijiya, ga danga."

Na ce, "To ka faɗa mata mana, ga ta can ciki."

"Kin san ba ta yarda. Ke taka jin maganarki."

Na san abin da zai biyo baya in maganar ta kai kunnenta. Aliero da Jega ba nisa. A ranar za ta yafa gyale ta hau mota, ta je ta shimfiɗa tabarma a bakin danga ta zauna gadi har soɓonta ya nuna. Ni kuma a bar ni da tukunyar ruwan zafi da jariri da ƙafafun da ba sa ɗaukata. Tsoro ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma ba tsoro kaɗai ba ne, har da son jiki. Na ɗanɗana daɗin a dafa a ba ni, a wanke mini, a karɓi yaro in yi barci.

Na ce, "Yaya, kar ka faɗa mata. Sauran suren ka cire, ba komai. Biyar ɗin da ta ɗaura wa ƙyalle su ne iri. Ka haƙo su da ƙasarsu ka dasa su jikin katanga. Ba kai ne gwanin dashe ba?"

Fuskarsa ta washe. Shi a duniyarsa duk abin da ya tsiro ana iya cire shi a kai wani wuri, a ba shi ruwa ya kama. Haka albasa take, ita ya sani, ita ubansa ya koya masa. Ni ce na tashi a gindin garkar nan. Ni ce na san sure saiwa ɗaya yake kafawa can ƙasa, in ya girma har ya ɗauki fure ka tsinke ta, ka gama da shi. Na sani sarai. Sai na ce wa zuciyata wataƙila a dace, ai Allah ke raya matacce.

Kwana talatin da uku suka rage, kuma kowace safiya sai Inna ta yi lissafin garkarta tana dama mini kunun kanwa. Yau ta ce fure ya fara zuba. Bayan sati ta ce yanzu soɓo ya kai kan ɗan yatsa. Wata rana ta ce bana in Allah ya yarda za ta ɗebar mini iri in shuka a nan Jega, tunda gidan da muke haya akwai fili a baya, kuma ita ba ta san kwana nawa suka rage mata a duniya ba. Na ce to, Allah ya kai mu. Na karɓi kwanon kunun na shanye tas, har da siɗe ludayi. Tir da ni.

Da muka yi arba'in, na goya yaro muka tafi Aliero tare, ni yawon gaishe-gaishe, ita komawa gida. Matar Yaya ta tarbe mu da ruwa a kwano. Inna ba ta ko kalle shi ba, ta zarce bayan ɗaki da ƙullin kayanta a ka. Na bi ta a baya.

An daddale wurin an ja fangali huɗu, tsiron albasa ya fito kore shar, gwanin kyau. Can jikin katanga ga gindi biyar a jere, a tsaye, a bushe ƙayau, ganyen ya zube, ƙyallayen na nan ɗaure yadda ta bar su. An yi musu gurbi mai kyau, an zuba taki, har inuwa aka kafa musu da zana.

Yaya ya shigo da sauri, hularsa a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Inna, wallahi ban yar da su ba. Da ƙasarsu na haƙo su. Sahe da marece ina ba su ruwa da hannuna. Kwana ukku sunka yi kamar za su kama."

Inna ta sauke kayanta a hankali. Ta je ta tsinko soɓo ɗaya, ɗan tsamurarre, ta ɓare shi da farce, ta fasa kwanson a tafin hannunta. Gurguzun ciki fari ne, shafal, kamar ƙaiƙayi. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku. Haka ta bi gindi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.

Sannan ta juyo ta dubi Yaya. "Sure kad dasa? Da hure bisa kai? Albasa ta? Shekara arba'in kana cin miyatai ba ka san ko mi kaka ci ba."

Ya ce, "Ki yahe mani, Inna."

Ta ce, "Na uwata na. Shi ɗai ta ba ni."

Na jira ya ɗago ya nuna ni. Bai ɗago ba.

Inna ba ta yi baki ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tattara wannan ƙaiƙayin ta zuba a gora da toka yadda ta saba, da damina ta faɗi ta shuka shi. Ko tsiro ɗaya bai fito ba. Yaya ya hau keke ya tafi Giwa Tazo. Gidan kakarmu ya zama kango, dangin sun watse. Ya bi matan da Inna ta taɓa ɗebar wa iri, har Mungadi ya kai. Wata ta ce ta dafa nata daddawa, wata ta ce nata ya gauraye da fari tun shekarun baya. Ya dawo da tiya guda da wata tsohuwa ta rantse masa shi ne. Aka shuka a makare, ya fito da kara kore-kore, soɓonsa siriri, in an jiƙa ruwan kamar an wanke jan zane. Inna ta duba sau ɗaya ta buɗe wa awaki danga.

Albasar Yaya kuwa ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Ya kawo wa Inna buhu guda har ƙofar ɗaki, ta sa aka raba wa maƙwabta. Yana gaishe ta tana amsawa, amma ta daina aikensa, ta daina ajiye masa ɗumame, ta daina kiransa da sunan wasan da take kiransa tun yana goye. Mutum mai 'ya'ya shida ya koma yana raɓe-raɓe a gidan ubansa.

Da kaka ta zagayo na je gida. Muna zaune a inuwar ɗakinta da hantsi, ina tsince mata wake, Yaya ya shigo gaisuwa ya tsuguna nesa kaɗan. Inna ta amsa masa a taƙaice. Sai ta dafa gwiwata, ta ce da ƙarfi yadda zai ji:

"Ke ɗai ta san darajar abin nan, ɗiyata. Da kin sani, da ba ki bari ba."

Yaya ya ɗago ya dube ni. Babu fushi a idonsa, jira kawai yake yi. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyar ta ishe ni in sauke masa kayan da na ɗora masa.

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce mana sai an jima, ya tafi gona. Inna ta ƙara shekara shida a duniya, kuma a hannuna ta cika tana sa mini albarka. Yaya ne ya haƙa mata kabari, bai bar kowa ya karɓe shi ba.